Hananiya Nawa Ka Sani?



In ka tsaya a bakin titi a Oforikrom da safe, ka ɗaga murya ka kira Kofi, za ka ga kawuna da yawa sun waiwayo. A wurin maƙwabtanmu Asante, duk namijin da aka haifa ranar Jumma'a Kofi ne, na Asabar Kwame, macen Asabar Ama, ta Lahadi kuwa Akosua. Mu ma a Zongo muna da namu: Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, Ɗanladi da Ladi, ga Talatu, ga Laraba, ga Lami. Kofi Annan, wanda aka haifa a nan Kumasi a 1938, ya kuma shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Kofi ne. Yaron da ya zare wa wani waya a cunkoson Kejetia, mai yiwuwa shi ma Kofi ne.

Hausawa sukan ce suna linzami ne. Shi ya sa iyaye ba sa wasa da ranar suna. Ana shawara, ana tuna kakanni, ana neman suna mai albarka, da fatan yaron zai bi sunansa. A gidajen masu bi, ana buɗe Littafi Mai Tsarki a zaɓo Dauda, ko Maryamu, ko Istifanus. To, tambayata gare ka yau ita ce, da gaske suna yana jan mutum yadda linzami yake jan doki? In kuwa ba ya ja, me ya rage masa na amfani?

Akwai wani suna na Ibraniyanci da zai taimake mu, wato Hananiya. Gaɓoɓi biyu ne aka haɗa. Na farkon yana nufin yin alheri, na biyun kuwa gajeren sunan Yahweh ne. Ma'anarsa ke nan, Ubangiji ya yi alheri. Tushensu ɗaya da Hannatu, uwar Sama'ila, da kuma Yohanna. Suna ne mai daɗi, kuma iyaye a Isra'ila sun so shi ƙwarai. Fiye da mutum goma ne suke amsa shi a Tsohon Alkawari, uku kuma a Ayyukan Manzanni. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rubuta littafi, babu wanda ya yi sarauta. Yawancinsu aya ɗaya ko biyu suka samu, labari ya wuce.

Ka buɗe Irmiya sura 28. Shekara ta huɗu ce ta sarautar Zadakiya, wajen 594 kafin haihuwar Almasihu. Shekara uku da suka wuce, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da manyan gari da masu sana'a, har da kayayyakin Haikali, ya kai Babila. Kowane gida a Urushalima yana da wanda yake kewa. Annabi Irmiya kuwa yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, irin wadda ake ɗaura wa shanun noma, yana gaya wa mutane su sunkuyar da kai ga Babila, gama bautar za ta daɗe. Wane ne yake son jin wannan?

Sai ga Hananiya ɗan Azzur, mutumin Gibeyon, shi ma ana ce da shi annabi. A cikin Haikali, a gaban firistoci da dukan jama'a, ya yi shela da sunan Ubangiji cewa kafin shekara biyu su cika, kayan Haikali za su dawo, sarki zai dawo, kamammu duka za su dawo. Ka lura da amsar Irmiya, gama tana da ban mamaki. Bai zage shi ba. Ya ce amin, ya yi fatan Allah ya sa haka ta kasance. Irmiya ma yana son mutanensa su dawo gida. Sai dai ya tuna wa Hananiya cewa wanda ya yi annabcin salama, sai maganarsa ta cika kafin a san Allah ne ya aiko shi. Hananiya bai tsaya gardama ba. Ya miƙa hannu ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya, ya karya ta a idon kowa. Irmiya ya juya ya yi tafiyarsa.

A ranar nan, in da kana cikin taron, wa za ka ce ya yi nasara? Mutumin da ya karya karkiya yana maganar alherin Allah, sunansa ma alherin Allah ne. Ɗayan kuwa ya fita shiru. Daga baya Ubangiji ya komo da Irmiya da saƙo cewa an karya ta itace, amma ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta, shi Hananiya kuma zai mutu a shekarar, domin ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai ya mutu. Bayan shekara bakwai ko takwas aka ƙone Urushalima da Haikalin.

Ɗan'uwana, irin wannan Hananiya bai ƙare ba. Har yanzu akwai masu sa wa Allah kwanan wata. Kafin wata uku biza za ta fito, kafin Kirsimeti za ki yi aure, kafin shekara ta ƙare bashin zai biya kansa, sai dai a fara ajiye wani abu a gaban bagade. Littafi bai ce Hananiya ɗan Azzur ya karɓi kuɗi ba, kuma ba lalle ne kowane irinsa ya san ƙarya yake yi ba. Mutum yana iya son wani abu har ya ji kamar Allah ne ya faɗa masa. Amma ɓarnar ɗaya ce. Matar da aka yi wa alkawarin wata uku, in wata na huɗu ya kama, ba annabin kaɗai take daina gaskatawa ba. Sau da yawa har addu'a takan yi mata nauyi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A daidai lokacin da wannan Hananiya yake karya karkiya a Urushalima, akwai takwaransa a Babila, cikin kamammun nan da ake ta yi wa alkawarin dawowa. An kwashe shi tun yana saurayi tare da Daniyel da Mishayel da Azariya, wajen shekara ta 605. Ka san shi sarai, amma da wani suna. Shi ne Shadrak. Shugaban fadawan sarki ne ya cire masa Hananiya ya liƙa masa sunan Babila, sunan kuma ya kama har yau. Tambayi yaran makarantar Lahadi sunan Shadrak na ainihi, ka ga ko mutum nawa za su amsa.

In suna linzami ne, to, Babila ta riga ta canja wa wannan saurayi linzami. Amma da aka kafa gunkin zinariya a filin Dura, mai tsayin kamu 60, aka ce kowa ya rusuna ko a jefa shi cikin tanderu, shi da abokansa biyu suka ƙi. Abin da suka gaya wa sarki ya fi ƙin nasu nauyi. Sun ce Allahnsu yana da ikon ceton su, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Ka aza wannan kusa da maganar ɗan Azzur. Wancan yana tsaye a Haikali lafiya lau, ya ba Allah wa'adin shekara biyu. Wannan yana jin zafin wuta a fuskarsa, bai ba Allah wa'adin ko sa'a ɗaya ba. Wanda aka ƙwace wa sunan shi ne ya san ma'anarsa, gama alheri kyauta ne, kuma ba a tilasta wa mai kyauta.

Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin wasu a cikinmu. Akwai masu wa'azin da suke gaya wa mutane cewa sunansu ne tushen wahalarsu, sai an canja shi kafin ƙofa ta buɗe. A Zongo muna da Ajuji da Bawa, Asante suna da Donkor, sunayen da iyaye suka sa bayan sun binne 'ya'ya, don mutuwa ta raina yaron ta ƙyale shi. Wasu kuma suna ɗauke da sunan da suka zo da shi daga Bolgatanga ko Bawku ko Wa, tun kafin su ba da gaskiya. Kada kowa ya tsorata ka da wannan. Yabez, a 1 Tarihi sura 4, uwarsa ta raɗa masa sunan wahala, duk da haka an shaide shi ya fi 'yan'uwansa daraja. In kana so ka karɓi sabon suna ranar baftisma don murna, madalla. Amma ba a cikin harufa la'ana take zaune ba.

Bayan shekara kusan 150, da Nehemiya ya zo gyaran garun Urushalima wajen 445, sunan ya sāke fitowa. A sura 3 akwai wani Hananiya mai haɗa turare, wanda ya ajiye sana'arsa ya ɗauki dutse. Ka yi tunanin hannun da ya saba da man ƙanshi yana dama ƙasa. A sura 7 kuma akwai Hananiya shugaban kagara, wanda Nehemiya ya danƙa wa tsaron birnin tare da ɗan'uwansa Hanani. Dalili biyu aka bayar, amana da tsoron Allah fiye da yawancin mutane. Aikinsa shi ne kada a buɗe ƙofofi sai rana ta yi zafi, a kuma kulle su da kyau. Iyakar labarinsa ke nan. Ni kam, da za a rubuta aya ɗaya tak a kaina, da na so ta zama irin wannan.

Yanzu mu haye zuwa Sabon Alkawari. A ƙarshen Ayyukan Manzanni sura 4, wani Balawi mutumin Kubrus mai suna Yusufu ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin wurin manzanni. Su ne suka yi masa laƙabi da Barnaba, wato mai ƙarfafa zuciya. Ka ga, halinsa ne ya jawo masa sunan. Nan da nan sura 5 ta buɗe da Hananiya da matarsa Safiratu. Su ma sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi, suka kawo sauran kamar shi ne duka. Mutane sukan ɗauka rowa ce ta kashe su. Amma Bitrus ya bayyana a fili cewa filin nasa ne kafin a sayar, kuɗin ma yana hannunsa bayan an sayar. Ba wanda ya tilasta masa ya kawo ko kwabo. Da ya kawo rabi ya ce rabi ne, da ya koma gida lafiya. Abin da ya nema shi ne a ambace shi yadda ake ambaton Barnaba, ba tare da ya biya abin da Barnaba ya biya ba. Ya faɗi ya mutu, bayan kamar sa'a uku matarsa ta maimaita ƙaryar, ita ma samarin suka fitar da ita.

Ka san baikon nan da ake yi a majami'u da yawa na ƙasar nan, wanda ake kira Kofi ne Ama, inda 'yan kowace rana suke fitowa da rawa su ba da nasu, a ƙirga, a faɗi ranar da ta ci. Ka san kuma ranar godiyar kaka, sa'ad da ake kiran suna a lasifika a faɗi sidi nawa wane ya yi alkawari. Ba na cewa waɗannan zunubi ne. An gina ɗakunan sujada da makarantu da su, kuma akwai murna ta gaske a ciki. Amma ka bincika zuciyarka sa'ad da hannunka yake tashi. Alkawura nawa aka yi da tafi, ma'aji yana bin su har shekara ta zagayo? Wanda ya faɗi sidi dubu don a ji, alhali ya san ɗari biyu zai iya, ya kama hanyar mijin Safiratu, ko da ba a ɗauke shi a makara ba.

Sauran biyun, dukansu a rayuwar Bulus suka bayyana. Ɗaya babban firist ne, Hananiya ɗan Nedebayus, wanda ya hau kujerar wajen shekara ta 47 bayan haihuwar Almasihu, ya riƙe ta fiye da shekara goma. A sura 23, da Bulus ya faɗi jimlarsa ta farko a gaban majalisa, sai wannan mutum ya ba da umarni a buge masa baki. Mai shari'a ne ya sa a yi dūka tun ba a ji ƙara ba. Bayan 'yan kwanaki ya gangara Kaisariya da lauya mai suna Tartulus don ya kai ƙarar Bulus gaban gwamna Filikus. Yosifus, Bayahuden nan marubucin tarihi, ya ba da labarin dukiyarsa, da yadda barorinsa suke zuwa masussuka su ƙwace ushirin da ya kamata ƙananan firistoci su ci. A shekara ta 66, da tawaye ya tashi gāba da Roma, 'yan tawayen suka same shi a ɓoye a hanyar ruwa, suka kashe shi. Wannan yana da suna mai kyau, yana da rawani, yana da ikon shiga wuri mafi tsarki sau ɗaya a shekara. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Wataƙila yanzu za ka ce, to, ashe suna banza ne. A'a, kada mu yi saurin kai wa can. Allah da kansa ya canja wa mutane suna. Abram ya zama Ibrahim, Yakubu ya zama Isra'ila, Siman ya zama Bitrus. Amma ka tuna, bayan an kira Siman dutse ne ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku a gaban wata baranya da 'yan kallo. Sunan bai hana shi faɗuwa ba. Abin da ya yi masa shi ne ya tsaya a kansa kamar alkawari, har ranar da Ubangiji ya tashe shi ya cika shi. Haka ma Hananiya. In ka duba da kyau, sunan ba ya cewa komai game da mai shi. Bai ce yaron nan mai alheri ne ba. Ya ce Ubangiji ya yi alheri. Shaida ce ta iyaye a kan Allah, a ranar da suka rungumi jariri. Wannan shaida gaskiya ce a kan ɗan Azzur, gaskiya ce a kan babban firist, kamar yadda take gaskiya a kan Shadrak. Dukansu an yi musu alheri. Inda suka rabu shi ne abin da kowa ya yi da shi.

Kai ma kana da sunan da kake tarayya da miliyoyin mutane. A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, kuma sunan wani ne aka ɗora musu, ba nasu ba. A gidan haya na Zongo, inda famfo ɗaya ne, mitar wuta ɗaya, maƙwabcinka Musulmi ba zai karanta wasiƙun Bulus ba. Kai zai karanta. In ka riƙa jinkirta kuɗin wuta, ko ke 'yar'uwata kika riƙa tauye mudu a kasuwa, ba za a ce Ɗanladi ko Talatu ba, za a ce Kiristan nan. Takwarorinka da ba su ci ba su sha ba za su biya bashin. Mu kuma da muka san zafin a ji an ce ɗan Zongo a yanke mana hukunci tun ba mu buɗe baki ba, bai kamata mu yi wa wani haka ba saboda sunansa ko ƙabilarsa ko addininsa. Kama da wane ba wane ba ne.

Wannan ya kawo mu ga na ƙarshen, wanda ni a ganina ya fi su duka wuyar koyi. Yana Dimashƙu, a sura 9. Ba manzo ba ne, ba a ce dattijon ikilisiya ne ba, almajiri kawai aka kira shi. Bulus ya shaida daga baya, a sura 22, cewa mai ibada ne bisa ga Shari'a, kuma Yahudawan garin duka suna yabonsa. Ubangiji ya kira shi cikin wahayi, ya ba shi kwatance kamar yadda ake ba ɗan aike: titin da ake kira Miƙaƙƙe, gidan wani Yahuza, a nemi mutumin Tarsus mai suna Shawulu.

Da jin sunan, Hananiya ya ja da baya. Yana da hujja. Ya ji abin da Shawulu ya yi wa masu bi a Urushalima, ya kuma san ya zo da takardar izini daga manyan firistoci don ya ɗaure irinsu. Wato shi kansa yana cikin waɗanda aka zo kamawa. Bai ɓoye tsoronsa ba, ya faɗa wa Ubangiji yadda yake. Abin da bai sani ba shi ne, mutumin da yake tsoro kwana uku ke nan yana zaune a makance, bai ci ba bai sha ba, yana addu'a, har an riga an nuna masa wani mai suna Hananiya yana shigowa. Labarin da Hananiya yake da shi gaskiya ne, sai dai ya tsufa da kwana uku.

Ka tsaya a nan kaɗan. Akwai sunan da in aka ambata a gabanka, fuskarka takan canja? Wanda ya cuce ka a ciniki shekarun baya, ko ɗan'uwan da ya tsananta maka sa'ad da ka ba da gaskiya, ko surukar da ta sa aka kore ki? Ba a ce ka yi kamar abin bai faru ba, ba a kuma ce ki koma inda ranki yake cikin hatsari ba. Ubangiji bai ce wa Hananiya labarin ƙarya ne ba. Ya dai gaya masa cewa ya zaɓi mutumin nan don wani aiki, ya ce ya tafi. Mai yiwuwa ne kai ma labarin da kake riƙe da shi a kan wani ya tsufa, Allah ya riga ya yi aiki a can ba ka sani ba.

Hananiya ya tafi. Ya shiga gidan, ya ɗora hannuwansa a kan wanda ya zo ɗaure shi, kalmar da ya fara kiransa da ita kuwa ita ce ɗan'uwa. Wani abu kamar ɓawo ya faɗo daga idanun Shawulu, ya gani, ya tashi aka yi masa baftisma, ya ci abinci ya sami ƙarfi. Fuskar farko da manzon Al'ummai ya gani da sababbin idanunsa ta wani Hananiya ce, shekara fiye da ashirin kafin wani Hananiya ya sa a buge masa baki.

Titin nan Miƙaƙƙe yana nan har yau a tsohon birnin Dimashƙu, ya ratsa daga yamma zuwa Ƙofar Gabas. Ba nisa da ƙofar akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin sujada a ƙarƙashin ƙasa, wanda Kiristocin garin suka daɗe suna kira gidan Hananiya. Shi kuwa, bayan ya fita daga gidan Yahuza a ranar nan, Luka bai ƙara ba da labarin wani abin da ya yi ba.